Me ya sa mota ba ta tsayawa a inda aka taka birki? Fashin baƙi kan daidaito da rinjayen ƙarfi

Duk lokacin da tankar mai ta kife ko tirela ta afka cikin kasuwa, bayanin da ake ji kusan ɗaya ne: mota ta ƙwace wa direba, ko birki ya tsinke. Bayan gobarar Majiya a Jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja cikin Janairun 2025, hukumar NMDPRA mai sa ido kan jigila da sayar da man fetur ta hana yi wa tankoki masu cin lita 60,000 lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025. Yawancin waɗanda suka rasu a wuraren nan wuta ce ta cinye su wajen kwasar mai, wannan kuma magana ce ta daban. Amma kafin wuta ta tashi sai da mota ta faɗi, kuma a kan faɗuwar ne muhawara ta tsaya. Wasu suka ce nauyi ne, wasu suka ce gudu ne, masu motocin suka nuna ramukan hanya.

To, ina ruwan nauyi da haɗari, tunda babbar mota babban birki gare ta? Kuma me ya sa motar da direba ya ɗauke ƙafarsa daga totur, har ma ya danne birki, take ci gaba da zuwa? Amsar tana cikin wani darasi da ake koyarwa a ƙaramar sakandare, a haddace shi don jarrabawa, a manta: daidaiton ƙarfi da rinjayensa.

Ƙarfi, da abin da ya rage bayan an yi lissafi

A kimiyyar fiziks, ƙarfi turi ne ko ja, kuma kowanne yana da girma yana da inda ya dosa. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira niyuton. Buhun shinkafa mai kilo 50, ƙasa tana jan sa da kimanin niyuton 490.

Da wuya a samu wani abu a bayan ƙasa da ƙarfi ɗaya tak yake aiki a kansa. Buhun da ke ajiye a kan benci, ƙasa tana jan sa zuwa ƙasa, bencin yana tokare shi zuwa sama da daidai wannan adadin. Sun yi kunnen doki, shi ya sa buhun yake zaune. Wannan shi ne daidaito. Ba wai babu ƙarfi ba ne. Akwai shi, sai dai ɗaya ya cinye ɗaya. Ranar da ƙafar bencin ta karye, tokarar ta tafi, jan ƙasa ya rage shi kaɗai, buhu ya yi ƙasa.

Abin da ya rage bayan an haɗa duk ƙarfin da ke fuskantar gefe guda, an debe waɗanda ke adawa da su, shi za mu kira rarar ƙarfi. Idan babu rara, akwai daidaito. Idan akwai rara, wani gefe ya yi rinjaye, kuma dole motsin abin ya canza: ko ya ƙara gudu, ko ya rage, ko ya sauya alƙibla. Waɗannan ukun ne kaɗai aikin rarar ƙarfi.

Wanda yake son ya ga wannan da idonsa, ya tsaya ya kalli ɗan ga-ruwa da kurarsa. Jarka 12 masu lita 25, kilo 300 ke nan na ruwa, ban da kurar. Wajen tashi sai ya sunkuya, ya kafa ƙafa, jijiyar wuyansa ta fito. Da zarar ta ɗauki hanya a kan kwalta, sai ka gan shi ya miƙe, yana turawa sama-sama har yana gaisawa da mutane. Idan ya zo 'yar gangara kuwa, sai aikin ya juye: ya koma baya da jikinsa, silifas ɗinsa na jan ƙasa, kurar na jan sa gaba. Kurar ɗaya ce, ruwan ɗaya ne. A farko yana neman rarar da za ta tayar da ita, a tsakiya yana biyan abin da gugar taya ke ci ne kawai, a ƙarshe yana neman rarar da za ta tsayar da ita, ita ce kuma ta fi wuyar samu.

Kuskuren da ya yi shekara kusan dubu biyu

Abin da ido ke nuna wa mutum shi ne, abu yana tafiya ne muddin ana tura shi, in an daina sai ya tsaya. Haka Aristotle na Girka ya koyar a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma malamai suka yi ta bin sa. Cikin waɗanda suka ja da wannan fahimta akwai Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Shi cewa ya yi abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da majefin ya sa masa, kuma ba ya ƙarewa don kansa, iska da makamantanta ne ke cinye shi. Da a sararin da babu komai ne, da bai tsaya ba. Galileo na Italiya ya zo ya gwada da ƙwallaye a kan katako mai gangara, sannan Isaac Newton na Ingila ya tsara maganar ta zama doka a 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya, sai in rarar ƙarfi ta taɓa shi.

Ma'ana, tafiya ba ta buƙatar turi. Canza tafiya ne ke buƙatar turi. Abin da ya sa muke ganin akasin haka shi ne, a duniyarmu guga da iska ba sa barin komai ya tafi a banza, kuma ba a ganin su.

A sararin samaniya, inda babu su, maganar a fili take. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a watan Satumban 1977 yana tafiyar kusan kilomita 17 a kowane sakan, ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 24 daga duniya. Babu injin da ke tura shi gaba. Ɗan man da ke cikinsa na gyara fuskar eriyarsa ne. Yana tafiya ne saboda babu abin da ya isa ya tsayar da shi.

Mota tana gudu, amma ƙarfi ya daidaita

A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa a jarrabawa. Mota tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, allurar gudu ta tsaya cak a kan 100, hanya a miƙe. Nawa ne rarar ƙarfi a kanta? Babu ko ɗaya. Injin yana juya taya, taya na tura kwalta baya, kwalta na tura mota gaba. Iska da gugar taya kuma suna ja baya da daidai wannan adadin. Man da direba ke ƙonawa ba na tafiya ba ne, na biyan iska da guga ne. Ta fuskar lissafin ƙarfi, wannan motar da wadda ke ajiye a gareji hukuncinsu ɗaya.

Daidaito ba ya nufin tsayuwa, yana nufin rashin canji. Mota mai gudun 100 tana cikin halin da za ta zauna a kai, kuma duk wanda yake son fitar da ita daga wannan hali sai ya kawo ƙarfi daga wani wuri.

Doka ta biyu ta Newton ita ce ta faɗi ko nawa zai kawo: rarar ƙarfi daidai take da nauyin abu sau saurin canjin gudunsa. Abu mai nauyi ninki biyu yana buƙatar ƙarfi ninki biyu kafin a rage masa gudu iri ɗaya.

Ba birki ne ke tsayar da mota ba

Birki yana hana taya juyawa ne kawai. Abin da ke tsayar da mota shi ne riƙon da ke tsakanin taya da kwalta, a ɗan wurin da suka haɗu, wanda a ƙaramar mota bai fi tafin hannu ba a kowace taya. Duk rarar ƙarfin da direba yake nema, ta tsayawa ko ta kaucewa, daga waɗannan tafuka huɗu take fitowa. Shi ya sa mota mai sabon birki takan zame a kan laka ko zubabben baƙin mai kamar ba a taka komai ba.

Riƙon nan yana da iyaka. A kan busasshiyar kwalta da taya mai lafiya, ƙaramar mota tana iya zubar da gudun kusan mita 7 a sakan cikin kowane sakan. Mu yi lissafi da wannan. Gudun kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne a sakan, kuma daga kamawar birki zuwa tsayawa za ta ci kusan mita 14. Gudun 100 kuwa mita 28 ne a sakan, amma tazarar tsayawa ba mita 28 ba ce, mita 56 ce. An ninka gudu sau biyu, tazara ta ninku sau huɗu. Dalili shi ne mai gudun 100 yana buƙatar lokaci ninki biyu kafin ya zubar da gudunsa, kuma a cikin wannan lokacin yana cin ƙasa da sauri ninki biyu.

Ba a ma sa lokacin da direba ke ɗauka tsakanin ganin akuya a titi da kai ƙafa kan birki ba. Sakan ɗaya kacal a gudun 100, mita 28 ne suka tafi babu abin da ya rage. Jimla ta haura mita 80. Idan an yi ruwa, ko taya ta cinye ta zama sumul, riƙon yakan ragu kusan rabi, tazarar birkin kaɗai ta doshi mita 100, tsawon filin ƙwallo. Ruwan farko na damina ya fi muni, domin yakan tayar da ƙura da maiƙon da suka kwanta a kan kwalta duk rani.

Lodi da gangara: inda maganar ta yi zurfi

Akwai wata hujja da direbobin manyan motoci ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce mota mai lodi ta fi kama ƙasa. Gaskiya ne. Nauyi yana danne taya a kan kwalta, riƙo ya ƙaru. A kan takarda, ƙarin riƙon yana biyan ƙarin nauyin, har a ce mai lodi da marar lodi za su tsaya a tazara ɗaya.

Matsalar ita ce, a babbar mota mai lodi ba taya ce ke fara gazawa ba, birkin ne. Lita 60,000 na fetur ya kai tan 44 zuwa 45. A ɗora nauyin motar kanta, a ce tan 15, an doshi tan 60. Ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi tana buƙatar niyuton 6,000 don ta riƙa zubar da mita 4 a sakan cikin kowane sakan. Tankar tana buƙatar 240,000, ninki 40. Kuma duk wannan gudun da ake kashewa ba ɓacewa yake ba, zafi yake komawa a cikin ƙarfen birki. Birkin da aka ƙera don wani nauyi, aka ɗora masa fiye da haka, zai yi zafi fiye da ƙima, kuma birki in ya yi zafi sosai riƙonsa raguwa yake. Direba yana takawa, ƙafarsa tana ji, mota ba ta ji.

A gangara ne abin ke fitowa fili, irin su Hawan Kibo a Jihar Filato, wanda direbobin hanyar Jos suka san sunansa da abin da ya ci. Mu ɗauki gangarar da ke sauka mita 6 a kowace mita 100. Jan ƙasa yana tura tankar mai tan 60 gaba da kusan niyuton 35,000, ba hutu, tun daga sama har ƙasa. Don motar ta sauko da gudu ɗaya, dole a samu abin da zai ja baya da wannan adadin. Wato saukowa lafiya ita kanta daidaito ce, kuma sai an biya ta kowane sakan.

Hanya biyu ce ta biya. Ko a sa babbar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako. Ko a bar wa birki aikin duka. Direban da ya sa mota a firi don ya tsimi gas ya zaɓi ta biyu. Minti kaɗan birki ya ɗau zafi, a motocin da birkinsu na iska ne kuma yawan tattakawa yana rage iskar tanki. Da riƙon ya gaza 35,000 ɗin nan, daidaito ya karye, rara ta koma gefen gangara. Idan birkin ya tafi gaba ɗaya, gudun zai riƙa ƙaruwa da kusan kilomita 2 a awa cikin kowane sakan. Motar da ke kan 40, cikin rabin minti ta doshi 100, kuma a wannan gudun giya ba ta shiga. Wanda ya gani daga bakin hanya zai ce birki ya tsinke farat ɗaya, alhali abin ya faro ne tun daga saman tudu, lokacin da aka zaɓi giya.

Kwana ma canjin motsi ce

Mutane sukan ɗauka in dai allurar gudu ba ta motsa ba, babu abin da ya canza. Amma sauya alƙibla canji ne, yana kuma buƙatar rarar ƙarfi daga gefe. Mota miƙewa take so. Sitiyari yana karkata taya, kwalta ta tura motar zuwa cikin kwanar. Fasinjan da ya ji an watsa shi jikin ƙofa, babu abin da ya tura shi waje. Jikinsa ne ya ci gaba a miƙe, motar ta lanƙwasa ta tare shi.

Ƙarfin da kwana ke nema shi ma ninki huɗu yake yi in an ninka gudu. Ƙaramar mota idan abin ya fi ƙarfin taya sai ta zame ta bar titi. Doguwar mota mai lodi a sama ba ta kai wa ga zamewa: kwalta na riƙe da ƙafafunta a ƙasa, nauyinta da ke can sama yana son miƙewa, sai ta kife. Haka yake ga tirelar da aka yi wa lodin buhuna har ya wuce bodi, mutane kuma suka hau kai.

Tanka tana da ƙarin matsala. Kayanta ruwa ne. Idan ba ta cika ba, man yakan kwarara gefe guda a kwana, ya kuma bugi gaban tanki in an taka birki. Shi ya sa ake sa shingaye a cikin tanki, kuma shi ya sa tankar da ke rabi takan fi cikakkiya wuyar sarrafawa. Kaucewar gaggawa, a karya hagu a dawo dama don gudun rami ko wata motar, ita ce mafi haɗari, domin man yana komowa daidai lokacin da motar ke juyawa ɗaya gefen.

Na cikin mota

Idan mota mai gudun 50 ta daki bango, motar ce ta tsaya. Mutumin da ke ciki yana nan a kan gudun 50 har sai wani abu ya tsayar da shi: ko bel, ko sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Gudun 50 daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10.

Uwa da ta rungume yaro mai kilo 10 a kujerar gaba tana ganin ta riƙe shi. Idan motar ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, riƙe yaron yana buƙatar kusan niyuton 1,400, kamar a ce ta ɗauki kilo 140 farat ɗaya. Babu hannun da zai iya. Aikin bel shi ne ya tsawaita lokacin tsayawar, ya kuma raba ƙarfin a kan ƙashin ƙugu da ƙirji maimakon kai. Bel mai maɗauri uku da muke gani yau Nils Bohlin ne ya ƙera shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da abin da ya kai rabi. Duk da haka, a tashoshinmu har yanzu direba yakan yafa shi a kafaɗa ne in ya hango jami'an kiyaye haɗurra, ya sauke da an wuce. Na kujerar baya kuwa ba a ma maganarsu, alhali wanda bai ɗaura ba a baya, na gabansa zai daka da dukan nauyinsa.

To, nauyi ne, gudu ne, ko hanya?

Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na lissafin. Masu motoci da ke kuka da hanya suna da gaskiya: rami yana tilasta kaucewar gaggawa, kuma tayar da ta yi tsalle ta bar ƙasa ba ta da riƙo ko kaɗan a wannan lokacin. Suna kuma da kuɗin da suka zuba a manyan tankokin, ga shi rage lodi yana nufin ƙarin sawu kafin a kai mai iri ɗaya, kuɗin kuma a kan mai saye zai ƙare. Hukuma ita ma tana da gaskiya: rage nauyi yana rage aikin birki, yana rage abin da zai zube in an faɗi, yana kuma sassauta wa kwaltar da nauyin ke farfasawa, wadda ita ce ke zama ramin gobe.

A ganina dai, an kama abin da ya fi sauƙin kamawa ne. Lita ana ƙirga ta a defo, a rubuta a takarda. Gudu kuwa a daji ake yin sa da tsakar dare. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, amma duk mai bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san tirela tana wuce shi yana kan 80.

Ga yadda lissafin yake. Aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya yana tafiya ne da nauyi sau ɗaya, da gudu sau biyu, wato gudu a ninka shi da kansa. Tanka mai lita 60,000, tan 60 duka, a kan gudun 60: 60 sau 3,600, ya ba da 216,000. Tanka mai lita 45,000, kusan tan 48, a kan gudun 90: 48 sau 8,100, ya ba da 388,800. Ƙaramar da ke gudu ta ɗora wa birkinta aiki kusan ninki biyu na babbar da ke bin doka. Rage lita 15,000 yana sauke kashi 20 cikin ɗari na aikin. Ƙara kilomita 7 kacal a kan gudun 60 ya isa ya mayar da shi duka.